Bijimin da Na Yanka Yana Yawo a Kamarar Hanyar Pitowa

Jama'ar Garwa, jam na, kuna lafiya? Abdulbaƙinku ne na layin mahauta. Lafiyata ƙalau, sai dai tun ranar Asabar nake dariya ni kaɗai, har Fauziya matata ta fara kallona ta gefen ido. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da wuƙa, ban taɓa yanka dabba ta tashi ba sai a makon nan, kuma albarkacin manyanmu ne, Allah ya ƙara musu girma.

Kun dai tuna mako uku da suka wuce, ranar wata Litinin, Mai Girma Uban Almakashi, wanda bai taɓa ganin ƙyalle a miƙe ya bar shi lafiya ba, ya zo ya buɗe mana kamarori a bakin manyan hanyoyi. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo makaɗa, har atamfa aka buga mai hoton kamara mata suka ɗaura. An share titi, an cike ramuka da yashi, an tsare manyan motoci a bayan gari don kada su ɓata hoto. Mai Girma ya ce daga yau wahala ta ƙare: kafin ka fita daga gida, ka buɗe wayarka ka ga hanya "an direk", wato kai tsaye, kamar kana tsaye a bakinta. Ni da na wuni biyu a layin mai a wancan makon, na tafa har tafina ya yi zafi. Na ce to, ko ba man, aƙalla mutum zai riƙa kallon hanyar da ba zai iya bi ba.

Na kamu da son abin nan, ban ɓoye muku ba. Ko ba ni da inda za ni, sai in buɗe in yi ta kallon mashigar gari ta hanyar Pitowa, wajen ƙaramar gadar nan. Kullum fes. Na riƙa ce wa abokan sana'a, "Kun ga aikin ilimi? Tunda aka sa wa titi ido, ya shiga hankalinsa."

To, ranar Asabar aka ɗaura auren Nazira, 'yar yayata Salamatu, a Pitowa. Ni ne kawu, kuma kawu mahauci, saboda haka nama a wuyana yake. Tun mako uku kafin biki na sayi bijimi a kasuwar Pitowa, fari, mai karyayyen ƙahon hagu, Yaya Salamatu da kanta ta shafa tozonsa ta sa albarka. Washegari aka koro shi da ƙafa zuwa Garwa, na ɗaure shi a gida ina ɗura masa angurya har ya zama kamar ɗaki. Dangin ango daga Tuboro za su taho, mota biyu, mutanen da suka san shanu tun suna goye. Yaya ta ce mini, "Abdulbaƙi, in naman nan ya yi latti ko ya canza wari, kada ka ƙara kirana yaya."

Da sassafe muka yanka, muka feɗe, likitan dabbobi ya buga hatimi. Muka loda a tirisikil, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na maƙwabcina Parfait, dattijo mai furfura wanda ya fi shekara goma yana ɗaukar mini kaya. Fauziya ta ce mu kama hanya tun rana ba ta buɗe ido ba. Na ce mata ta kwantar da hankali, zamani ya canza. Na buɗe waya, hanya fes. Na zauna na sha shayi, na ƙara kofi na biyu.

Parfait ya leƙo ya ce, "Patron, wani direba ya ce mini kamiyon auduga, babbar motar nan, ya faɗi a gada. Mu bi ta hanyar gonaki, ko da za ta fi nisa."

Na ce, "Parfait, direban nan naka da idonsa ya gani?"

"Shi ma gaya masa aka yi."

"To ni ga nawa idon." Na miƙa masa waya. Titi a share, inuwar bishiyoyi, wata mata mai jan daro tana wucewa a natse. Parfait ya kalla, ya sosa ƙeya, ya ce, "Bon." Ya tada inji.

Jama'a, ba mu kai gadar ba muka tarar da duniya a tsaye. Kamiyo ya kwanta a gicciye kamar saniyar da ta ƙoshi, ya toshe gadar daga wannan baki zuwa wancan, auduga ta watsu har kan bishiyoyi. Motoci a gaba, kafin mu juya wasu sun rufe mu ta baya. Ko babur ba ya wucewa, sai dai mutum ya gangara ya ratsa yashin rafin da ƙafa. Rana kuwa irin ta watan Maris ce, wadda ke soya ƙwai a kan kujerar babur. Ga ni da bijimi guda a ƙarƙashin tampol, ƙudaje sun fara aiko 'yan leƙen asiri.

Da na ɗaga kai, sai ga kamarar a saman ƙarfe, daidai kanmu. Na buɗe waya. Hanya fes. Na ce wa Parfait ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. Na ce ya yi tsalle. Dattijon nan ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. A waya babu Parfait, babu kamiyo, babu ni. Sai dai matar nan mai jan daro ta sake wucewa.

Parfait ya ce, "Patron, matar nan tun a gidanka take wucewa. Ba ta isa inda za ta ba har yanzu?"

Sai wayar ta yi ƙara. Yaya Salamatu ce.

"Kuna ina?"

"Yaya, muna gada. Kamiyo ya faɗi, hanya a toshe."

"Abdulbaƙi, ka ji tsoron Allah. Abokin ango ya buɗe mini kamarar nan taku, ga gadar ina gani, ko kaza babu. Kana gida kana shan shayi!"

"Wallahi Yaya..."

Sai na ji ta saki salati mai tsawo. "La'ilaha illallahu! Ga bijimin nan! Ga shi nan yana tafiya da ƙafarsa! Ko yanka shi ba ka yi ba?"

Na duba tawa wayar. Jama'a, ga shi nan kuwa. Fari, karyayyen ƙahon hagu, yana taku ɗai-ɗai a tsakiyar titi yana kaɗa wutsiya, ko a jikinsa. Na ɗaga tampol na duba: ga kansa, ga ƙahon, ga cinyoyinsa da hatimin likita. Na sake duba waya: ya tsaya yana shinshina atamfar wata mata mai hoton kamara. A nan ne kaina ya kawo wuta. Fim ɗin ranar buɗewa ne, ranar da aka koro shi daga Pitowa. Mako uku cur ina kallon safiyar Litinin guda ɗaya tana zagayawa, ina yabon gwanintar manya. Ban taɓa ganinsa ba ne kawai don ban taɓa kallo ya kai minti biyar ba.

Na ce, "Yaya, tsohon hoto ne, bijimin yana nan a yanke!" Ina, ta riga ta kashe waya.

Dariya ta kama Parfait har ya zauna a ƙasa. Ya karɓe wayar yana bi mota-mota yana nuna wa mutane: ga bijimi a waya, ga kansa a tirisikil. Wani mai goro ya ce a yi masa addu'a tunda ya ƙi kwanciya. Wata mata ta ce ita ma a duba mata ko mijinta da ya tafi Marwa yana ciki.

Ana cikin haka muka ji jiniya. Wata baƙar mota mai baƙin gilashi ta kutso ta gefen titi har ta zo ta maƙale daidai bayanmu. Ko kun san wane ne? Mai Girma Uban Almakashi da kansa, zai je Pitowa buɗe kamara ta biyar. Direbansa ma, bawan Allah, wayar ya duba kafin su fito.

Wani mai kwat ya fito daga kujerar gaban motar, yana share gumi. Misye Georges sunansa, shi ne masanin na'urar. Na gaishe shi da ladabi, na nuna masa waya, na nuna masa kan bijimi.

Ya ce, "Ka gane, Malam, kamarar tana aiki daidai. Rezo ne kawai, wato layin intanet, ba a haɗa mata ba tukuna, takardun suna kan tebur. Sai muka ga bai dace jama'a su buɗe su ga baƙin allo ba, ransu zai ɓaci. Shi ne muka sa musu hoton hanya a lokacin da take cikin hayyacinta."

Na ce, "Wato hanyar ce ta yi kuskure."

Ya ce, "Voilà. Hanyar ce ba ta bi tsari ba."

Na ce Allah ya saka da alheri, don ban taɓa jin an kula da zuciyar talaka irin haka ba.

Ban rufe baki ba sai na hango mayafi ruwan goro yana ratso yashin rafi da sauri. Yaya Salamatu ce, takalmi a hannu, igiya a ɗaya hannun. Ta hau babur daga Pitowa don ta zo ta kamo bijiminta da kanta. Ta hauro, ta ga kamiyo, ta ga auduga, ta ɗaga tampol ta ga kai. Ba ta ce mini sannu ba, ba ta ce yi haƙuri ba. Hanci ta kai kusa da daron kayan ciki, ta shinshina, ta ce, "Hanta da tumbi ba za su kai awa guda ba. Motar wa ke da sanyi a nan?"

Kowa ya juya ya kalli baƙar motar.

Ta je ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta. Gilashi ya sauka kaɗan, sanyi ya bugo har inda nake tsaye. Ta rusuna kamar gaske ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Kamararka ce ta kawo naman bikin 'yata nan, ita ce kuma ta sa na kira ƙanina maƙaryaci a gaban surukai. Yanzu ina roƙon arziki, a sam mini kujerar baya."

Mai Girma ya buɗe baki zai yi magana, sai ya lura da abin da ke kewaye da shi. Wayoyi sun fi arba'in a sama, kowa yana ɗauka. Waɗannan kam an direk ne na gaskiya, ba mai jan daro a ciki. Nan take fuskarsa ta canza ta koma irin ta ranar yanke ƙyalle. Ya fito, ya gyara babbar riga, ya ce shi bawan jama'a ne, motarsa motar jama'a ce. Muka shimfiɗa leda, muka jera daro uku a inda yake zama. Hanta ta samu wurin Mai Girma, Mai Girma ya samu wurin hanta, a rana, kusa da ni. Ya tambaye ni sana'ata, na ce masa ni ma yanka nake yi, sai dai nawa ana ci.

Yaya ta buga waya Pitowa. Kafin awa ta cika, taksi biyu sun sauke mata goma sha ɗaya a wancan bakin, duk da ankon biki, kowacce da daronta. Suka ratso yashi, ni ina sara ina rabawa, Parfait yana ɗora musu a ka, suna komawa a jere suna guɗa. Direbobin da suka wuni suna zagi suka koma tafi. Kayan ciki ne suka tafi a ƙarshe, da sanyinsu kamar daga firji. Ni aka ɗora wa kan bijimin, wai hukuncin kofi na biyu, don Fauziya ta riga ta kai rahoto ta waya.

An ci abinci bayan la'asar maimakon azahar. Wani tsoho cikin mutanen Tuboro ya tauna tsoka, ya lumshe ido, ya ce, "Useko, mun gode, wannan dabba ta ji kiwo." Nazira ta rungume uwarta tana dariya har kwallinta ya zubo. Yaya ta zubo mini farfesun hanta da hannunta, ta ture mini kwanon da ƙafa ba tare da ta kalle ni ba. Wanda ya san Salamatu ya san wannan shi ne ban haƙuri, kuma ba za a samu wanda ya fi shi ba. Parfait kuwa sai bayan magariba aka ja kamiyon ya samu ya juyo gida, na aika masa da cinya guda, ya ce gobe ma in kamara ta ce a tafi, shi a shirye yake.

Yanzu kada ku ce ban yaba inda aka yi abin yabo ba. Da hotunan suka zagaya gari, manyanmu sun motsa cikin gaggawa. An kafa kwamiti, kwamiti ya zauna a otal kwana biyu, ranar Laraba aka haɗa rezo. Kamarar gadar tana aiki kai tsaye yanzu, na rantse. Sai dai wanda ya hau gyaran ya ɗan ɗaga mata kai sama, an ce don kada ƙurar motoci ta ɓata gilashin. Da safen nan na duba kafin in fita: gajimare biyu ne da shirwa ɗaya, kowa yana bin hannunsa, babu cunkoso ko kaɗan. Duk mai niyyar zuwa Pitowa ta sama, hanya a buɗe take.