Dattijuwa, Taraktar Baba, Ta Rasu a Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ban iya nuna shi ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Dattijuwa, taraktar lambun marigayi mahaifinmu. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a tsakiyar kunya ta uku, tana da shekara arba'in da ɗaya. Ni ne a kan kujerarta.

Kwana tara kafin nan ina cikin jirgi, a hanyar dawowa gida bayan shekara goma sha ɗaya. Abin da ke jakata: riguna uku, takardar shaidar karatun injiniya, littafin kamfanin da ya ƙera ta, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da sabbin robobi huɗu, irin waɗanda inji ke zama a kansu. Ban riƙo wa kowa tsaraba ba. Ita kaɗai na riƙo wa.

Marigayiyar 'yar ƙarama ce, iyakarta ƙirjin mutum. An ce shuɗiya ce a da. Fitilarta ɗaya. Ba ta taɓa tashi da bugu ɗaya ba, sai an lallashe ta, ta yi tari, kuf, kuf, sannan ta kama: tuf-tuf-tuf-tuf. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa barin aiki a rabi ba. Ta ja garma, ta ja taki, ta ja ruwa. Ranar da za a haifi ƙanwata, laka ta hana mota shigowa, ita ta kai Inna asibiti a cikin tirela.

Aibinta ɗaya, rawar jiki. In ta tashi, kofunan da ke kan kantar kicin sai sun amsa. Da wannan ƙarar Inna ke sanin gari ya waye, ta ɗora ruwan zafi. Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ban samu zuwa ba, ko kuwa haka na ce a lokacin. Tun daga ranar rasuwarsa, Inna ba ta fitowa daga ɗaki sai ta ji kofuna sun motsa. Saboda haka mijin ƙanwata yake biyowa kullum kafin ya tafi aiki, ya tayar da Dattijuwa, ko da babu abin nomawa.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga wani bidiyo da ƙanwata ta turo mini. Na ga injin yana tsalle a mazauninsa, na yanke hukunci daga nesa cewa robobin sun mutu.

Da na ɗaga injin da jak, ban tarar da robar kamfani ko ɗaya ba. Baba ya yanyanka tsohuwar taya ya jera, a saman kowace kuma ya ɗora yankin tafin takalminsa na roba. Ɗaya har da lotsawar diddigensa. Notin baya na hagu kuwa a sake yake, da yatsa biyu na kwance shi. Na yi dariya. Na kwashe robobin nasa na watsa a juji.

Abokin Baba, tsohon makanikin da muke kira Kawu, yana tsaye a kaina tun safe. Ya ce shekara ashirin yana ganin notin nan a haka, kuma Baba bai taɓa yarda wani ya sa masa sifana ba.

"Ɗana, bar mata wurin numfashi," in ji shi. "Ubanka ba mantawa ya yi ba."

Na buɗe masa littafi, na nuna masa lambar da kamfani ya ce a ɗaure. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya ɗauki hularsa ya tafi. Na saka sabbin robobin, na ɗaure notuna huɗun tamau, kowanne sai da sifana ta yi ƙit.

Kwana biyu Dattijuwa ta yi tana tafiya lafiya lau kamar sabuwa. Kofuna suka yi shiru. Safiya ta biyu Inna ba ta fito ba sai wajen ƙarfe goma, tana tambaya ko yau ba a tayar da ita ba ne. Na ɗauki maganar a matsayin yabo.

Rana ta uku, a kunya ta uku, na ji ƙas. Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ta yi kuf, ta yi shiru. Baƙin mai ya malala a ƙasa har ya taɓa takalmina.

Mai walda ya zo ya duba. Kunnen injin na baya, na hagu, inda notin nan ke riƙewa, ya ɓalle, ya tafi da gefen cikinta. Ya nuna mini bakin karayar: rabi fari fat, na ranar, rabi baƙi ƙirin, wanda ya ce ya yi shekara ashirin ko fiye. Tsohuwar tsaga ce. Baba ya san da ita, shi ya sa ya yi mata shimfiɗa mai laushi ya bar ta tana rawarta. Mai walda ya ce irin wannan ƙarfen ba ya karɓar walda a wurin.

Marigayiyar ta bar garma ɗaya, tirela mai taya ɗaya da rabi, jarkar mai, da igiyar da ake ɗaure murfinta. Ta bar Inna, da ƙanwata, da mijinta wanda har yanzu yake tsayawa a ƙofar lambu da safe kafin ya tuna. Ta bar kunya goma sha bakwai ba a yi ba, ga hadari ya fara haɗuwa. Ta bar ni da littafina.

Ranar Laraba na tone jujin nan kaf ina neman robobin Baba, ban sami komai ba. Da na shiga kicin wanke hannu, sai na gan su a kan kantar kicin ɗin, kusa da kofuna, an wanke su an jera.

"Na ga lokacin da ka zubar," Inna ta ce. "Na san za ka nema."

Ta ba ni uku. Ta riƙe mai diddigen.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe. Ana buƙatar maza huɗu da za su tura ta daga kunya ta uku zuwa rumfarta. Kawu ne zai riƙe sitiyari, in ya yarda. Shi kaɗai ke da ikon cewa ya faɗa mini, kuma bai ce ba. Masu zuwa gaisuwa su zo da fartanya. Mai sayen tsoffin ƙarafa, wanda ya leƙo sau biyu, kada ya wahalar da kansa karo na uku.

A rumfa zan cire sabbin robobin, in mayar mata da na Baba guda ukun, in bar notin baya na hagu a sake. Sannan in ja ƙofa in sa kwaɗo.

Tikitin komawata na ranar ashirin ga wata ne. Ba zan koma ba. Daga ranar Lahadi ni zan riƙa ƙwanƙwasa wa Inna ƙofa da safe.