Ranar da Na Sallami Malamin Indonisiyanci

Har yau haushin kaina nake ji. A shekarun tamanin ina sayar da atamfa a unguwar Guillotière ta ƙasar Faransa, na ɗauki malami ya koya mini Indonisiyanci don in yi ciniki da bakina. Da ya kawo darasin 'yan guntayen da ake liƙa wa kalma a ƙarshe, na daka masa tsawa: "Kan kalma ya ishe ni, riƙe wutsiyarka!" Na sallame shi.

Da wani dilan atamfa ya zo daga Jakarta, babban birninsu, na tara 'yan kasuwarmu, na zuba masa jawabi da Indonisiyancina marar wutsiya. Ya yi murmushi, ya ce da Faransanci: "Hausarku da daɗi. Wa zai fassara?"

Alhaji Isufu, abokin gasata a kasuwar, ya kwashe cinikin. Har gobe in ya hango ni sai ya ce, "Ku matsa, ga Tafinta."