Saƙon Gidan Wanki

Farfesa dai ba a jami'a ya samo sunansa ba, shi ya raɗa wa kansa. Ranar da yayan matarsa, mai gidan wanki, ya ce yana son manhajar da za ta riƙa sanar da masu kaya cewa wankinsu ya kammala, sai gogan naka ya miƙe ƙafa a kan benci, ya ce wannan ai ko yana gyangyaɗi zai rubuta ta.

"Yaya, ƙananan masu rubuta manhaja su ke kiran abu da sunansa kai tsaye," in ji shi. "Ni aike nake yi."

Ga abin da yake nufi. Manhaja tana ajiye bayani a ma'ajiyoyi, kowace da sunanta. Maimakon Farfesa ya ce a buɗe ma'ajiyar "suna", sai ya rubuta kalmar a cikin wata ma'ajiyar, ya ce a leƙa nan a ga wadda za a buɗe. Yaya bai gane amfanin zagayen ba, amma ya gyaɗa kai saboda ƙanwarsa.

A fili, wato a tsakar gidan manhajar, dabarar ta yi aiki. Sai Farfesa ya ga ai aikin manya a cikin abin da masu manhaja ke kira aji ake tsara shi, kowane aiki da ɗakinsa. Ya kwashi dabararsa ya cusa a ɗakin aika saƙo. Abin da bai sani ba, ɗan aiken da ke cikin ɗaki ba ya ganin kayan tsakar gida. Ya duba ɗaki, babu "suna", ya dawo hannu rabbana. Saƙon gwaji ya fito: "Ranka ya daɗe, , kayanka sun kammala."

Farfesa ya zargi kwamfuta, ya zargi tururin dutsen guga. Daga bisani, don ya kama mai laifi, ya ƙirƙiri wata ma'ajiyar "suna" a cikin ɗakin, ya zuba mata kalmar da ta fara zuwa bakinsa don haushi: Jaki. Nan take gurbi ya cika. Murna ta sa ya manta gwaji yake yi, ya kira Yaya ya ce ya danna maɓallin aika wa masu kaya da hannunsa mai albarka.

Yaya ya danna.

Kafin a gama ninke zanin gado ɗaya, wayar shago ta fara ruri. Wata mata ta ce a riƙe labulenta, ta yafe. Wani tsohon alƙali, wanda ya fi kowa kawo manyan riguna, ya zo da kansa, ya ajiye wayarsa a kan kanta, ya tambaya cikin sanyin murya ko "Ranka ya daɗe, Jaki" sabon salon girmamawa ne. Yaya ya durƙusa har ƙasa. Farfesa kuwa ya shige bayan injin wanki yana duba wata wayar lantarki da lafiyarta ƙalau.

Da alƙali ya tafi, Farfesa ya fito yana karkaɗe riga, ya ce matsalar ƙarama ce, ta hurumi ce kawai. Ya gyara kiran sunayen, ya ciro ma'ajiyar Jaki daga ɗakin, amma ya ƙi goge ta, wai ƙwararre ba ya zubar da kayan gwaji. Ya ajiye ta a tsakar gida. A can kuwa akwai wata "suna" tun asali, wadda bayan gyaran ya zuba sunansa a cikinta don sa hannu a ƙasan saƙo. Sabuwar ta hau kanta ta zauna.

Ya tsara ban haƙuri mai ratsa zuciya, ya aika wa kowa. Wayar Yaya ma ta yi ƙara. Ya karanta a hankali, har ƙasa: "Wannan kuskure ne daga babban injiniyanmu, Jaki."

Yaya ya ajiye wayar, ya dafa kafaɗar Farfesa.

"To, alhamdulillahi," ya ce. "Yanzu kam ta fara aiki daidai. Kada ka sake taɓa komai."