Janar Kuroiwa da Gimbiyarsa

A duk unguwar Ueno babu namijin duniya irin Kuroiwa, shugaban ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin bindigogin kwaikwayo na ƙarfe. Janar muke ce masa, yana kuwa amsawa. Gaskiya ne bai taɓa sa kaki ba, inshorar gobara ya sayar har ya yi ritaya, kuma ranar wasan wuta toshe kunnuwansa yake yi. To, amma wa ya kai shi sanin bindigar da ba ta harbi?

Duk Asabar a shagon kofi sai ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya kwantar da Gimbiya, 'yar bindigarsa da aka ƙera tun muna 'yan makaranta. Kofinmu ya huce, shi ko gabatarwa bai gama ba.

"Ku ji kunamarta. Ƙas! Ta Hoshikawa ma'ajinmu fa? Kwas, sai ka ce murfin tukunyar shinkafa. Wannan, jama'a, ba ta da maraba da ta gaske."

Mu dai mu gyaɗa kai mu duba agogo.

Kowa a cikinmu ya san doka. Bindigar kwaikwayo ta ƙarfe dole bakinta a toshe, launinta kuma fari ko rawaya, don kada a ɗauke ta ta gaske. Ruwan zinaren da masana'anta ke shafa mata yana koɗewa, shi ya sa Hoshikawa, ma'ajinmu, yake bin tasa da fenti rawaya.

"Hoshikawa, ayaba ka kawo mana?" in ji Janar. "Fenti na masu tsoro ne."

Shi safe da yamma goge Gimbiya yake yi, don tsabar ƙauna. Ya goge, ya goge, har zinaren ya ƙare ƙaƙaf, ƙarfen ya yi duhu. Muka ce, "Shugaba, a shafa mata rawaya mana." Ya ce wannan launin shekaru ne, jahili ba zai gane ba.

Da kaka ta zo aka yi baje kolin unguwa a zauren taro. Tsofaffi suka kawo furanni da zane-zane, Janar ya kawo Gimbiya. Tun safe babu wanda ya tsaya a teburinsa, sai wani dattijo mai rigar sanyi, wanda ya zo ganin furannin matarsa. Janar ya cafke shi.

Wayyo! Mu mun gane shi. Sajan Mizoguchi ne na ofishin 'yan sandan bakin tasha, ranar hutunsa. Hoshikawa ya yi tari, ya ja hannun rigar Janar.

"Shugaba, ɗan zo mana."

"Kada ka katse ni ina karantarwa! Malam, ɗaga ka ji nauyi. Duba da kyau, ka ga ko ɗigon rawaya? Babu! Na rantse ko ɗan sanda ba zai bambanta ta da ta gaske ba."

Sajan ya saurara tiryan-tiryan har ƙarshe, abin da ko ɗayanmu bai taɓa yi ba. Ya juya Gimbiya, ya sake juyawa. Sannan ya rusuna cikin ladabi, ya naɗe ta a jan ƙyallenta, ya nuna katin aikinsa.

"Ranka ya daɗe, ka gamsar da ni. Mu je ofis ka maimaita."

Gimbiya ba ta dawo ba. Rabin rayuwarsa Janar yana neman wanda zai yarda da shi, ga shi ya samu.