Sarkin Ruwan Manfuha

Ko tsufa na yi ba zan manta da ranar da bakina ya kai ni bakin teku ba. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha ta birnin Riyad, duk direbobi, kuma na ishi kowa da labarin kifin da nake kamawa a tafkin garinmu. Riyad ko kududdufi babu, wa zai ƙaryata ni? Har suka sa mini suna Sarkin Ruwa (ni kuwa ina amsawa, babu kunya).

Da hutun Sallah ya zo zama ya gagare ni. Na zuga su muka cika mota sai Dammam, garin bakin teku. Muka tarar iska na kaɗawa, ruwa na dukan duwatsun bakin gaɓa. Masu ƙugiya duk sun ja baya, iyalai na shan shayi can nesa.

Malam Isuhu, babbanmu a ɗakin, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, wannan ruwan ba irin naku ba ne. Khalas, ya isa haka, zo mu sha shayi."

Na ce, "Haba Malam, ruwa ai ruwa ne."

Idon mutum biyar na kaina, sunan Sarkin Ruwa ya hana ni juyawa. Na hau dutsen ƙarshe da silifa da jallabiya. Na jefa ƙugiya, na ɗaure zaren a babban yatsan ƙafata kamar yadda muke yi a gida, don mutum ya ji motsin kifi yana hutawa. Sannan na juya wa teku baya ina ɗaga musu hannu.

Ban ga igiyar ruwan ba. Na dai ji ni a ƙasa, gishiri cike da hanci, ƙugiya ta maƙale a dutse, zare ya riƙe ƙafata ruwa na ja. Wallahi na tsorata. Sunan innata na yi ta kira, ni da 'ya'ya uku.

Malam Isuhu ne ya kwanta rub da ciki ya cafko wuyan jallabiyata, wani ya yanke zaren. Jallabiyar ta rabe gida biyu. Haka na ratsa iyalan Larabawa da gajeren wando, gwiwa na jini, ina amai.

Har muka iso Riyad babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yanzu in zan cika baki, sai na fara tabbatar babu motar da za ta kai mu wurin.