Ƙugiyar da Ta Kalli Wutsiya

Ba zan taɓa mantawa da ƙaurin gashin karsanar nan ba, ko da na so in manta. Har yau idan na bi ta wurin masu babbakar kan rago a bakin kasuwar Dakoro, sai in ƙara sauri kamar an kira ni.

Ni malamin makaranta ne, kowa Mushe yake kirana (daga Faransanci ne, haka ake kiran malamin boko a wajenmu), kuma na daɗe ina riƙe da makarantar unguwarmu. Hannuna ya san alli, ya san jan biro, ya san hatimin makaranta da nake bugawa a takardun yara duk ƙarshen zango (ku riƙe zancen hatimin nan, za mu dawo kansa). Abin da bai sani ba shi ne ƙarfe. Maiɗakina Dije kuwa 'yar makiyaya ce daga wajen Birnin Lalle, kuma mahaifinta (suruki ne, ba na kama sunansa) yana auna kowane namiji da tambaya ɗaya: me yake tsinana wa dabba? Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Sai dai duk sanda na je gaisuwa, yakan saci kallon tafin hannuna, ya ce da na kusa da shi, "Hannun Mushe kamar na jinjiri." A yi dariya, ni ma in yi, amma wallahi abin yana cina a rai.

Walda ta shiga raina ne a wani dogon hutu, ta cikin waya. Na yi ta kallon mutane suna tattara tarkacen ƙarfe suna mai da shi kujera da ƙofa, tartsatsi na tashi, su kuwa ko a jikinsu. Na ce ai wannan shi ne maganin hannun jinjiri. Sai na nufi Sanusi mai walda a bayan tasha, wanda muka yi aji ɗaya da shi tun muna yara, na ce ya ba ni shawarar injin da zan fara da shi.

Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni. "Mushe, in don sha'awa ce, sayi ƙaramin nan na zamani da ake ratayawa a kahwaɗa. Kontar wutar gidanka shina ɗaukar shi, kuma bai wahal da sabon hannu. Ka haɗa da abin kare ido. Sannan duk abin da ka ƙera, gwada shi bisa tarkace kahin ka kai shi gaban mutane."

Na saurari shawarar nan daidai yadda ɗalibaina ke sauraren tawa, wato na gyaɗa kai ina tunanin wani abu daban.

A Maradi mai shagon ya fito mini da biyu. Na farko shi ne wanda Sanusi ya faɗa, ɗan ja, bai wuce jakar hannun mata ba. Na biyu kuwa wani ƙato ne mai ƙafafun taya da abin murɗawa a ka. Ina ganinsa na hango surukina tsaye a tsakar gidana yana dubansa. Ni da ban san komai a kan inji ba, sai na zaɓe shi yadda na ga ana zaɓen bijimi a kara, wato kasuwar shanu: na zagaya shi sau biyu, na bubbuga masa haƙarƙari, na gwada ɗagawa na kasa, na ce lalle wannan lafiyayye ne. Mai shagon ya tambaye ni ko ina da wurin aiki. Na ce ina shirin buɗewa (ƙarya ce, ko rumfa ban da ita). Ƙarti huɗu suka ɗora shi a kan mota.

A gida na jona shi, na saka sandar walda, wadda masu sana'ar ke kira bageti, na taɓa ƙarfe. Kontar, akwatin nan mai ƙirga wutar gida, ya yi ƙas, komai ya tsaya, har da firjin da Dije ke daskarar da zoɓon sayarwa. Na mayar, na sake taɓawa, ya sake yankewa. A karo na uku Dije ta leƙo daga madafa.

"Mushe, wanga bijimin naka, ci kaɗai ya iya?"

Kwana goma yana tsakar gida tana shanya kwanoni a kansa. Da Sanusi ya zo ya gan shi bai ce ai na gaya maka ba. Dariya kawai ya yi har sai da ya zauna a ƙasa. Daga nan ya ce dama wurin aikinsa na buƙatar irinsa, ya kawo amalanke ya ɗauke, ya aiko mini da ɗan jan nan irin wanda na raina a Maradi.

Sanusi ne ya koya mini abin da na iya. Da farko bageti maƙalewa take yi a jikin ƙarfe ina fizga, ɗinkin kuma ya fito kamar kashin kaji. A hankali hannu ya fara faɗawa. Na ƙera kujerar tsuguno mai gajeriyar ƙafa ɗaya, na gyara marfin ƙofar gida. Cikin wata biyu na yanke wa kaina hukunci cewa na ƙware, ba tare da na nemi ra'ayin kowa ba.

Ana cikin haka Allah ya ba mu 'ya, Zainabu. Ranar suna surukina ya ba ta karsana, ja mai farin goshi. A wajensu wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Ita ce tushen garken yarinya, duk abin da ta haifa na Zainabu ne har ta girma. Saura a saka mata shaidar gidan, wato alamar da ake yi da ƙarfe mai zafi a cinyar dama, wadda da ita ake gane mai dabba a rijiya da kasuwa. Shaidar surukina ƙugiya ce, bakinta yana kallon kan saniya.

Akwai wata ƙugiyar kuma. Surukina yana da taubashi, Baba Manu, ɗan 'yar'uwar mahaifinsa, dattijo mai tsokanar tsiya. Tun zamanin kakansu, da ya ba 'yarsa shanu, sai ya juya bakin ƙugiyar ya kalli wutsiya don kada garken biyu su cakuɗe. Saboda haka mai kallon kai ta surukina ce, mai kallon wutsiya ta Baba Manu. An ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, har nakan gyara wa mai ba da shi.

Su yadda suke yi, sandar ƙarfe suke gasawa su zana shaidar kaɗan-kaɗan, a mayar wuta a sake ɗaukowa, dabba na ta fama. Nan dabara ta faɗo mini. Me zai hana in ƙera ƙarfen da za a danna sau ɗaya a gama? Na sa Dije ta zana mini ƙugiyar a ƙasa, na lanƙwasa ƙarfe daidai da ita, na tsayar da shi yana kallona kamar hoto, na liƙa masa doguwar mariƙa ta baya. Ɗinkin ya fito sumul, ban taɓa yin mai kyansa ba. Har koren fenti na shafa wa mariƙar.

Dije ta ce, "Ka gwada shi bisa katako? Na ji Sanusi ya ce..."

Na ce ba zan ɓata sabon ƙarfe da baƙin hayaƙi ba kafin surukina ya gani.

Ranar da aka sa, da hantsi, muka isa garken. Maza sun taru ana hura wuta, mata na can gefe da ƙoren nono, Dije a cikinsu goye da Zainabu. Na durƙusa na gaida surukina, na kwance ƙarfen daga cikin tsumma na miƙa da hannu biyu. Ya juyo da fuskarsa ya duba, ga ƙugiyarsa nan tana kallon inda ta saba kallo. Ya daɗe yana dubawa, ya shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Madalla," in ji shi. "To, Mushe shi ɗora da kanshi."

Tun da na auri Dije ban taɓa samun madalla daga bakinsa ba. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, kuma malami idan daɗi ya kama shi jawabi yake yi. Na miƙe na yi wa mutanen da aka haifa cikin shanu bayani a kan wahalar da saniya ke sha, da yadda zamani ya zo da sauƙi. Na tuna har na ɗaga yatsa. Baba Manu yana dogare da sandarsa yana cewa, "Haka ne, Mushe. Ƙara muna."

Aka kayar da karsanar, aka ɗaure ƙafafu. Ƙarfe ya yi jawur. Na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, na danna a cinyar dama. Hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika wurin, karsana ta yi kuka sau ɗaya. Na ɗaga ƙarfen na ja da baya ina jiran kabbara.

Babu wanda ya yi kabbarar.

Baba Manu ne ya tako a hankali, ya tsuguna, ya hure tokar gashin, ya ƙura ido. Sai ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Taubashi, ashe haka kake sona ban sani ba?"

Na leƙa. Shaida ta fito raɗau, babu inda ta karkace, bakin ƙugiya yana kallon wutsiya. Na dubi fuskar ƙarfen da ke hannuna, tana kallon kai. Na sake duban cinya, wutsiya. A lokacin ne hatimin makaranta ya faɗo mini a rai, wanda rubutunsa a juye yake don ya fito daidai a takarda, wanda na buga da hannun nan nawa sau ba adadi. Duk abin da za a danna, a juye ake ƙera shi. Ɗan aji uku ma da ya taɓa wasa da hatimina ya san haka.

Ba kunya kaɗai ba ce, tsoro ne ya kama ni, domin karsanar 'yata ce na buga wa shaidar wani a gaban shaidu. Na ce ai za a iya gyarawa, a ƙara wani zanen a kai. Surukina bai dube ni ba, ƙasa ya duba.

"In anka taɓa shaida sau biyu, ran da anka kai ta kara cewa za a yi sato ta munka yi."

Na waiga wajen mata. Dije ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Har yau ta ƙi gaya mini kuka take yi ko dariya.

Baba Manu ya karɓi igiyar karsanar ya naɗe a hannu. "Kowa ya gani, saniyata ce, ba ni na ɗora ba. Amma ni ba mugu ba ne. Na ba jikata Zainabu ita habbanaye." (Habbanaye, ga wanda bai sani ba, aron saniya ne irin na makiyaya: ka riƙe ta ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar ta koma wurin mai ita.) "Ta haihu uku, ɗiyan na Zainabu, uwar ta dawo gida. Mushe kuma shi riƙa zuwa shina ba ni labarin lahiyarta, haka ake yi."

Surukina ba shi da damar yin fushi, don taubashi ne, kuma shaida na gefen Baba Manu. Aka tashi da dariya har da masu riƙe da ƙafafun karsanar.

Bai ƙare ba. Baba Manu ya miƙo hannu ya zare ƙarfen daga hannuna, ya jinjina shi. "Wanga kuma ai nawa ne, tunda shaidata gare shi. Aiki ya yi kyau, Mushe, Allah shi yi albarka." A safiyar nan, a wutar da surukina ya hura, ya sa aka kawo maruƙansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, danna ɗaya an gama. Duk wanda ya ɗora wa sai ya juyo ya ce, "Zamani ya zo da sauƙi!"

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Ina nan ina walda da ɗan jan injina, kuma ko ƙusa na lanƙwasa sai na gwada ta a kan tarkace. Ƙaton da na sayo yana wurin Sanusi yana aiki, ƙarfena mafi kyau yana wurin Baba Manu yana aiki. Idan aka tambayi surukina yakan ce, "Mushe ya iya ƙira, sai dai wa mutane yake yi." Saniyar ta haihu biyu, saura ɗaya in ja ta da hannuna in kai ta garken da ni na rubuta mata.

Da aka zo saka wa ɗan farinta shaida, na ƙera sabon ƙarfe, a juye wannan karon, na gwada shi a kan katako har sau bakwai, na tafi da shi da katakon gaba ɗaya. Surukina ya duba katakon, ya ce madalla, ya jingine su a gindin itace. Ya ɗauko tsohuwar sandarsa ya saka a wuta. Na tambaya a ladabce ko akwai abin da zan taimaka da shi. Ya ɗan yi tunani.

"Akwai. Riƙe wutsiya, Mushe, tunda can ka hi sani."

Na riƙe. Abin da na koya kuwa shi ne, idan mai sana'a ya ba ka shawara biyu ka yi watsi da ta farko ka sha kunya a tsakar gidanka, to ka rufa wa kanka asiri ka ɗauki ta biyun, domin ita a gaban surukai take jiranka.