Rasuwar Ruperto, Babur Mai Gogaggiyar Lamba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Zoraida Torrealba, matar marigayi Asdrúbal Colmenárez, tsohuwar malamar makaranta a Barquisimeto ta ƙasar Venezuela, mai zaman baƙunta a nan Bucaramanga, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar babur ɗinmu, wanda unguwa ta sani da suna Ruperto. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a harabar ofishin rajistar ababen hawa, da mai a tankinsa, da sabbin tayoyi a ƙafarsa, injinsa kuma da sauran ɗumi. Ba haɗari ya yi ba. Takarda ce ajalinsa.

Waɗanda suka san mu sun san da ƙafa muka shigo Kolombiya. A kan wani dutse mai sanyi da ke hanyar, inda motoci suke wuce mu muna jan jakunkuna, Asdrúbal ya dube ni ya ce, “Zoraida, in Allah ya sauke mu lafiya, ba za ki sake auna ƙasar mutane da ƙafa ba.” Ruperto shi ne cikar wannan alkawari. Mun saye shi na hannu, ja, da ɗan tabo a gefen tanki, da kuɗin kofin da maigidana yake sayarwa a filas a bakin kasuwa. Ya raɗa masa sunan wani kawunsa wanda ba ya fara magana sai ya yi tari, domin shi ma babur ɗin haka yake: a buga masa kik, ya ce “kuf, kuf,” ya yi shiru kamar mai nazari, sannan ya amsa da “tar-tar-tar” ɗin da duk layinmu ya haddace.

A takarda ni ce mai shi, don katin izinin zamana ya riga na maigidana fitowa. Ban taɓa tuƙa shi ba. Wurina baya ne, da kwando a cinya.

Marigayin mai haƙuri ne da biyayya. Ya hau tudun unguwarmu da mu biyu da buhun garin masara bai taɓa ajiye mu a tsakiya ba, ko da yake kusa da shagon magani yakan yi wani nishi da ke sa ni fara addu'a. Bai san zari ba wajen shan mai. Kowane Disamba shi ke raba hallaca, irin alalen masarar ƙasarmu da nake naɗewa a ganyen ayaba, gida-gida, har su isa da zafinsu. Ya kai mata asibiti, ya ɗauko tukunyar gas, ya taɓa ɗaukar kek ɗin biki mai hawa-hawa ya sauke shi ba ko kwarzane. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba na ɓoye shi: ba ya son ruwan sama, yakan tsaya cak a inda ya same shi, sai an lallashe shi. Hon ɗinsa siriri ne, “fip-fiii,” gajere sannan dogo. Da shi Asdrúbal yake sanar da ni ya shawo kwana, in ɗora kofi.

Ya wajaba in ambaci sarƙar. Ranar da aka kawo shi gida, maigidana ya cire sarƙar da ya tsallako iyaka da ita a wuyansa, mai ɗauke da ɗan ƙarfe mai hoton Uwarmu Makiyayiya, waliyyiyar da ke tsaron garinmu, ya naɗa ta a wuyan babur ɗin, ƙasan kan tuƙi. Ya ce shi ya riga ya iso, yanzu mai tafiya ne yake bukatarta. Tun daga ranar ba a taɓa kwance ta ba. Kowane Yuli, idan Fada ya fito yayyafa wa ababen hawa ruwa mai tsarki, Ruperto yana sahun gaba da ita. Idan muna tafiya takan yi lilo tana taɓa ƙarfe, “kyas, kyas,” ni kuwa nakan ji kamar wani ne yake ja mana carbi a gaba. A duk shekarun nan ba mu taɓa faɗuwa ba.

Bara Ubangiji ya karɓi Asdrúbal. A asibiti, bayan ya gama yi mini wasiyyar abubuwan da suka fi nauyi, ya ƙara da cewa, “Ruperto kuwa, ki sayar wa wanda zai riƙa gaishe shi da safe. Kada ki bari zarto ya taɓa shi.” Na ce masa to.

Irin wannan mutumin na samu. Don Evelio Rueda, maƙwabcinmu, ɗan ƙasar nan, mai kai cuku shaguna a kan keke, shi ya riƙa raba mini kaya a kan Ruperto tun bayan rasuwar. Na ga yana share masa raɓa da hannun rigarsa, sai na san na sami mai shi. Muka daidaita ba ja-in-ja. Ni kuma tafiya ta kama ni: mahaifiyata ta tsufa, idonta ya tafi, tokar gawar maigidana kuma, wadda aka ƙone don a iya tafiya da ita, tana kan kabad tana jiran in mayar da ita gida kafin a fito da mutum-mutumin Uwarmu zagayen gari a watan Janairu. Abin da ya rage kawai a cire sunana a sa na Don Evelio.

A nan jinyar ta fara.

Da farko aka ce rajista ba ta san ni ba, domin da tsohon katin izinin zama aka rubuta ni, wanda gwamnati ta sauya tuntuni. Macen da ta sayi babur da macen da take son sayar da shi sun zama mutum biyu, sai na kawo shaidar cewa ni ce ni. Na kawo. Aka nemi inshora mai rai, da takardar duba lafiyar babur, da shaidar biyan haraji, da tabbacin ba tara a kaina ko a kan mai saye. Aka nemi yarjejeniyar ciniki da sa hannunmu da dangwalen yatsa. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa wanda ya cika aikinsa tsaf ba ya jin tsoron mai dubawa, don haka na jera komai a jaka bisa tsari, na goge rigata, muka tafi mu uku: ni, Don Evelio, da Don Crisanto Ardila, bakaniken da ya san cikin Ruperto fiye da yadda likita ya san nawa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta, wanda ba a ko biyan kuɗinsa. A nan ba a sauya sunan mai abin hawa sai an ɗauki sawun lambobin da kamfani ya buga a jikin ƙarfensa. A goga takardar kabon a kan lambar, a manna salatif, a ɗaye, a liƙa a takarda. Don Crisanto ya durƙusa ya ɗauki ta inji, ta fito raɗau. Sannan ya kai hannu wuyan babur ɗin, ya ɗaga sarƙar gefe, ya goga, ya manna, ya ɗaye. Ya ɗaga salatif ɗin ya duba a hasken rana. Ya sake yi. Da na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar, na san irin wannan shirun, na taɓa jin sa a asibiti.

“Malama,” ya ce, “Uwarku ta cinye ƙarshen lambar.”

Nan ne daidai inda ɗan ƙarfen yake taɓawa. Shekara da shekaru yana lilo, kowane rami, kowace kwana, har wurin ya yi sumul kamar bayan cokali. Farkon lambar yana nan, wutsiyarta babu.

Ma'aikaciyar da ke karɓar takardu ta yi mini magana da ladabi, ina kuma yi mata fatan alheri. Ta ce, “Doña Zoraida, ba na cewa na sata ne. Amma ɓarawo ma haka yake goge tasa, takarda kuma ba ta san bambanci ba.” Ta ce akwai hanya: a miƙa shi ga masu binciken 'yan sanda, su ajiye shi a filinsu, su gwada tado lambar, sannan a nemi izinin sake bugawa, mai shi kuma ya zo da kansa. Layin ya kai bayan bikin Ista, watanni bayan ranar tafiyata. Idan lambar ta ƙi tasowa, a can zai zauna. Na san filin. Na sha ganin baburan da ke cikinsa ta tagar bas, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinsu.

A bakin ƙofa Don Evelio ya ce, “Maƙwabciya, ki sa hannu kawai ki bar wurin sunan mai saye ba a cike ba, ki yi tafiyarki. Rabin baburan garin nan da sunan matattu suke yawo.”

Don Crisanto ya ce, “Kai da ko kekenka ba ka iya ɓoye wa ɗan sanda ba? Ranar da aka tsayar da kai aka leƙa wuyan nan, a ofishinsu za ka kwana, cukunka ya yi tsami a titi.”

Don Evelio ya ce, “To kai ba ka da guduma ne? Buga masa sabuwa.”

“Ina da guduma, ina kuma da jikoki. Ba zan gaisa da su ta bayan wayar gidan yari ba.”

Suka yi dariya kaɗan, suka dube ni. Na daɗe ina juya maganar a gaban Ubangiji. Na yi wa mijina alkawari zarto ba zai taɓa Ruperto ba. Amma ba zan miƙa wa mutumin kirki abin da ba zai taɓa zama nasa ba, wanda zai sa a kira shi ɓarawo a gaban jama'a, ni ina can ƙetaren iyaka ba mai yi masa shaida. Ba zan kuma bar Ruperto ya ruɓe a filin da ba mai gaishe shi ba. Na zaɓar masa mutuwa a hannun waɗanda suka san shi. Idan na sadu da Asdrúbal zan yi masa bayani, ina kuma zaton zai fara da tambayar ko an cire batir kafin a soma.

Ba na zargin sarƙar. An sa ta ne ta tsare mu a hanya, ta kuma tsare mu. Ba wanda ya ce mata ta kula da takarda.

Marigayin ya bar hulunan kwano biyu, ɗaya ba a sa ta ba tun bara. Da kwandon raba kaya. Da rigar ruwan da ba ta taɓa hana shi tsayawa ba. Da tabon baƙin mai a ƙofar gida, wanda na roƙi mai gidan haya kada ta wanke sai na tafi. Ya bar Don Evelio a kan kekensa. Ya bar ni, wadda za ta koma da bas, ba da ƙafa ba, don haka alkawarin kan dutse bai karye ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar safe ta coci, a garejin Don Crisanto da ke gangaren kasuwa. Za a tura shi da hannu daga ƙofar gida, ba za a tayar da shi ba, domin ba zan iya jin tarin nan ba. Na tambayi Fada ko ya halatta a yi masa addu'ar kwana tara, ya ce a'a cikin taushin murya, amma ya yi alkawarin biyowa ya sha kofi. Za a ba da kofi da arepa, wainar masarar ƙasarmu. Ba a bukatar furanni. Wanda yake da niyya ya zo da tsumma, a goge shi kafin a fara.

Don Crisanto zai kwance duk abin da ke kwantuwa da sifana, a raba wa masu bukata. Ƙarfen jikinsa kaɗai za a yanka, kamar yadda soke rajista ya bukata, kuma an yarda a jira sai na fita. Sarƙar zan kwance ta da hannuna, ta koma gida tare da tokar mai ita.

Hon ɗin na Don Evelio ne. Ya ce zai ɗaura shi a kekensa da ɗan batir. Saboda haka ina roƙon maƙwabta, idan kuka ji “fip-fiii” daga kwana a 'yan kwanakin da suka rage mini, kuka ga na fito bakin ƙofa da kofi biyu a hannu, kada kowa ya ce mini komai. Ku bar Don Evelio ya karɓi ɗayan.